Wa Zai Zama Lauyan Kogin Kaduna? Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga 'Yan Majalisar Dokokin Jihar Kaduna

Mai girma Shugaban Majalisa,
Masu girma wakilanmu,

Assalamu alaikum. Ina yi muku barka da aiki, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da jama'ar mazaɓunku. Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni tsohon malamin sakandare ne, labarin ƙasa na koyar har na ajiye alli. A nan Kaduna aka yanke mini cibiya, mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, kuma gidan da nake ciki yau bai kai tafiyar minti goma a ƙafa zuwa bakin kogi ba. Roƙona gare ku guda ɗaya ne, zan faɗe shi tun daga farko don kada ya ɓace a cikin dogon zance. A cikinku, ku 34 da ke zama a zauren Lugard Hall, ina roƙon a samu mutum ɗaya, in da hali lauya, wanda zai rungumi maganar ruwanmu da iskarmu da dazuzzukanmu ta zama aikin da za a san shi da shi. Ya riƙe ta a zangon farko, ya riƙe ta a na biyu idan jama'a sun maido shi, ya san ta ciki da bai, har ya zamana duk kwamishinan da zai zo kare kasafin kuɗi ya kwana da sanin akwai wanda zai tsare shi da tambaya.

Muna yara, idan muka kai wa mahaifinmu abinci ranar da yake aikin rana, mukan tsaya a kan wani ɗan kwalbati mu leƙa lambatun da ke gangarawa kogi. Yau ruwan ja ne, gobe shuɗi, jibi kore mai kumfa, da wani wari mai kama maƙogwaro. Mu a lokacin abin sha'awa ne, har musu muke yi a hanya kan kalar da za mu tarar. Ƙasa kaɗan da wurin akwai masu lambu, suna ɗiban wannan ruwan da bokiti suna ba alayyafo da latas da tumatir, washegari kayan suna kasuwa. Babu wanda ya taɓa ce mana da matsala. Masaƙun nan su suka ciyar da mu, su suka biya mana kuɗin makaranta, kuma har gobe ina yi wa waɗanda suka kafa su addu'a, tun daga ta farko da aka buɗe a 1957. Sai dai da an samu wanda ya tsaya kai da fata a kan sai an tace ruwan kafin a sake shi, da an ci riba, an kuma bar mana kogi mai tsabta.

Yau yawancin masaƙun sun yi tsit, ciyawa ta cinye harabarsu, amma lambatun bai huta ba. Kayan da yake ɗauka ne suka canza: baƙin mai daga garejin makanikai, jini da ƙazantar ciki daga mahauta, ruwan batirin da aka fasa, bahaya daga gidajen da suka juya bututun masai cikin kwata, ga kuma leda wadda ba ta san ruɓewa ba. Duk cikin kogi suke ƙarewa. Kogin nan daga tsaunukan Filato ya taso, ya ratsa garinmu ya raba shi biyu, ya wuce ya juya injinan lantarki a Shiroro da Zungeru kafin ya faɗa kogin Neja, wanda iyayenmu ke kira Kwara. Sunansa garin ya ci, saboda kadojin da ke cikinsa a da. Kuma daga cikinsa ake jan ruwan da ake tacewa a Malali a turo mana a famfo.

Ambaliyar watan Agustan 2003 a cikin gidana ta same ni. Wajen ƙarfe biyun dare mai ɗakina ta tashe ni ta ce tabarmar yara ta jiƙe. Kafin in lalubo tocila ruwa ya kai idon sawu, kafin mu fitar da yara ya kai gwiwa. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ƙafa ta riga ta ƙi, don haka goya ta na yi zuwa masallacin da ke kan tudu, tana ta salati a kunnena, ƙafafunta suna jan ruwa. Da gari ya waye muka ga katangar maƙwabcina ta kwanta, buhunan masarar da ya ajiye na shekara suna cikin laka. Bayan kwana huɗu masarar ta fara tsiro a cikin buhu, yana tsaye yana kallo. Rijiyarmu ta haɗe da masai, muka yi wata biyu muna sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, yara biyu a layinmu suka kwanta da amai da gudawa. An zo an duba mu, an rubuta sunaye, an raba tabarmi da 'yan kwanukan shinkafa, mun kuma gode. Amma ruwa na janyewa aka ci gaba da yanka filaye a cikin fadamar da ya kwanta, kuma yau wurin da muke kamun tarwaɗa muna yara benaye ne a kansa. Duk damina sai kun ji sunayen nan a rediyo: Kigo Road, Bashama, Rafin Guza, Unguwar Rimi, Nasarawa, Kabala. Shekara ashirin da wani abu, sunayen ba su canza ba.

'Yata ta biyu lauya ce. Wata rana ina wannan ƙorafin a tsakar gida sai ta ce, "Baba, ai kogi ba ya kai kansa kotu, sai an samu mai tsaya masa." Ita ta fara ba ni labarin wani Ba'amurke mai suna Edmund Muskie, na bi diddigi na karanta, kuma labarinsa nake so in kawo muku, domin mafarinsa ya yi kama da na da yawa daga cikinku.

An haife shi a 1914 a Rumford, wani ƙaramin gari a jihar Maine. Mahaifinsa tela ne, baƙo daga ƙasar Poland. Garin na masana'antar takarda ne a bakin kogin Androscoggin, kuma masana'antun da ke jere a gaɓar suna sakin dagwalonsu kai tsaye, har kogin ya shiga sahun waɗanda suka fi ƙazanta a Amurka. Mutanen yankin suna ba da labarin cewa abin da ke tashi daga ruwan lokacin zafi har fentin gidaje yake ɓatawa. Ɗan tela ya yi karatun lauya a Jami'ar Cornell ya gama a 1939, ya yi aikin sojan ruwa a yaƙin duniya na biyu, ya dawo ya ci gaba da aikin lauya a garin Waterville. A 1946 aka zaɓe shi ɗan majalisar dokokin jiharsa, kujera irin taku, kuma a jam'iyyar da ba ta da rinjaye. A irin wannan zauren ne mutum ke koyon rubuta ƙuduri, da bin kasafi layi-layi, da shawo kan wanda ba ɗan jam'iyyarsa ba. Ya zama gwamna a 1955, ya tafi Majalisar Dattawa a 1959.

Da ya isa can bai samu manyan kwamitocin da ya so ba. A 1963 aka ba shi shugabancin wani ƙaramin kwamiti mai kula da gurɓatar iska da ruwa, wurin da ba a rububinsa. Bai raina ba. Ya zauna a kai shekara da shekaru, yana zagaya jihohi yana sauraron jama'a, yana kiran injiniyoyi da likitoci da masu kamfanoni yana yi musu tambayar ƙwaƙwaf irin ta lauya. Daga wannan ɗan kwamitin dokar tsabtace iska ta 1970 ta fito, wadda Majalisar Dattawa ta amince da ita da ƙuri'a 73, babu ko ɗaya da ya ƙi. Bayanta sai dokar tsabtace ruwa ta 1972. Shugaba Nixon ya ƙi sa mata hannu saboda yawan kuɗin da za ta ci, majalisa ta sake kaɗa ƙuri'a ta tsallake shi, ta zama doka. Kogin garinsu da a da ake toshe hanci in an kusance shi, yau ana kamun kifi a cikinsa ana tuƙa kwale-kwale.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda hannun lauya ya fito fili a rubutun dokokin nan. Babu zancen "gwamnati za ta yi bakin ƙoƙarinta". Dokar iska ta ce masu ƙera motoci su rage gubar hayaƙi da kashi 90 cikin 100, ta kuma yanka musu wa'adi a tsakiyar shekarun 1970. Kamfanoni suka yi ta kuka suna cewa ba zai yiwu ba, aka ƙara musu lokaci, amma daga ƙarshe sai ga shi sun fito da na'urar da ta yi aikin. Dokar ruwa ta ce babu mai sakin dagwalo ta bututu zuwa kogi sai da lasisi, kuma lasisin ya faɗi iyakar abin da aka yarda ya fita. Sai kuma abin da 'yata ta ce shi ne ƙashin bayan duka: dokokin sun ba ɗan ƙasa ikon kai ƙarar mai gurɓatawa, har da hukumar da ta yi sakaci da aikinta. Wato ko da mai mulki ya kau da kai, mai gidan da ke bakin kogi yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ban kawo Amurkawa don in ce waliyyai ne ba. Hayaƙin da suka daɗe suna turawa sama yana cikin abin da ya rikita mana damina. Darasin aikin majalisa kawai nake so mu ɗauka.

Mu ma ba hannu rabbana muke ba. Dokokin muhallinmu na zamani daga wani abin takaici suka samo asali. A 1988 aka gano dubban gangunan guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko na tsohuwar jihar Bendel, kuma ɗalibanmu da ke karatu a can Italiya ne suka tona asirin. A shekarar gwamnatin soja ta yi dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan shara, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. A 1992 aka yi dokar auna illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, a 2007 aka kafa NESREA, hukumar tarayya mai tilasta bin dokokin muhalli, a 2021 aka sa hannu a dokar sauyin yanayi. A jiha muna da hukumar kare muhalli, KEPA, da ma'aikatar muhalli. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa hukuma kare ruwa da iska da ƙasa da daji da namun dawa. Sai dai lauyoyin cikinku sun fi ni sanin inda gizo ke saƙar: sashen yana cikin babi na biyu, wato babin manufofin ƙasa, sashe na 6(6)(c) kuma ya ɗaure wa kotu hannu game da abin da ke wannan babi. An ba mu da dama an karɓe da hagu. Majalisa ce ke iya cike wannan giɓi, domin da zarar manufa ta zama dokar da aka zartar, alƙali ya samu abin kamawa. Kotun Ƙoli ma ta buɗe ƙofa a 2018, a shari'ar da wata ƙungiya mai zaman kanta ta kai NNPC kan malalar mai a jihar Abiya, inda ta yarda ƙungiya irin wannan na da hurumin shigar da ƙara saboda maslahar jama'a. Me zai hana ku rubuta wannan dama ɓaro-ɓaro a dokar jiharmu, yadda ƙungiyar masu lambu ko kwamitin unguwa za su je babbar kotu ba tare da an ci shekaru ana jayayyar ko suna da hurumi ba?

Na san wasunku za su ce wannan aikin Abuja ne, ko kuma na gwamna. Ranku ya daɗe, ba duka ba. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da jihar Legas ta shigar, cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jiha ne. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana. Dazuzzuka, in ban da gandun tarayya irin na Kamuku a Birnin Gwari, na jiha ne. Kwashe shara na cikin ayyukan ƙananan hukumominmu 23, ku ne kuma masu yi musu doka. Sashe na 128 da na 129 na tsarin mulki sun ba ku ikon bincike da na kiran mutum ya zo ya yi bayani ya kawo takardu. Kasafin jiha ba ya zama doka sai ya bi ta hannunku. Idan kuma gwamna ya ƙi sa hannu a ƙuduri, kashi biyu cikin uku na ƙuri'unku sun isa su mayar da shi doka. Duk makamin da Muskie ya yi aiki da shi, akwai irinsa a zaurenku.

Da ni ne wannan wakilin, daga bakin kogi zan fara. A sa masu safiyo su bi gaɓar kogin da rafukan da ke zuba cikinsa, tun daga Rafin Guza har Kudenda, su gano iyakar inda ruwa ya kai a ambaliyar 2003 da ta 2012. Ba sai an sha wahala ba, tsofaffin kowace unguwa za su nuna wurin da yatsa. A kafa turakun siminti a kan layin, a buga taswira a liƙa a ƙofar kowane mai unguwa da hakimi. Sannan doka ta ce daga rana kaza, duk jami'in da ya sa hannu a takardar fili ko izinin gini a ƙasan layin nan, shi da kansa zai amsa, da sunansa na yanka. A nan ne ɗakinmu yake yoyo: ana rushe gidan wanda ya saya, wanda ya sayar da wanda ya buga hatimi suna gida suna barci. Waɗanda kuma suka riga suka gina da takardunsu, a rubuta a cikin dokar cewa diyya da sabon matsuguni su riga katafila isowa. Talakan da ya gina ɗaki biyu a fadama, kuɗin filin tudu ne ya fi ƙarfinsa. Ranar da aka rushe nasa aka tsallake benen da ke kusa da shi, ranar aka binne dokar.

A cikin wannan dokar a wajabta auna ruwan kogin duk wata uku a wurare sanannu, sama da gari da tsakiyarsa da ƙasansa, a karanta sakamakon a rediyo da Hausa da sauran harsunan jihar. Masu ilimin suna nan a gida. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana Mando, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ga jami'ar jiha, ga kwalejin kimiyya da fasaha a Tudun Wada. Mai lambu yana da haƙƙin sanin abin da yake ba shukarsa, uwar gida kuma tana da haƙƙin sanin abin da take yankawa a miya. Masu haƙar yashi su ma a ware musu wuraren da tifa za ta shiga, a hana su cin gindin gada da gaɓar da ke riƙe da gidajen mutane.

Sai maganar gawayi, wadda take ci mini tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya bi hanyar Kachia ko ta Abuja ya ga buhuna jere a bakin titi, ya ga manyan motoci maƙare da su. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tsadar rayuwa ta mayar da gidaje da dama kan gawayi da itace, har da waɗanda suka saba da gas. A da mai gatari yana tsallake ɗorawa da kaɗanya, domin kowa ya san daddawa da man kaɗe daga jikinsu suke, kuma da kuɗinsu mata a ƙauye suke yi wa 'ya'ya kayan ɗaki. Kirya da marke aka sani da gawayi. Da injin yankan itace ya shigo, babu wadda ake ɗaga wa ƙafa. Kaɗanya tana cin fiye da shekara goma kafin ta fara 'ya'ya, injin kuwa kafin a sha shayi ya kwantar da ita.

Hani kawai ba zai yi ba. Matar da ke Rigasa da 'ya'ya shida dole ta tuƙa tuwo, mai ƙona gawayin ma yawanci manomi ne da rani ya ritsa da shi. A nan dabarar wani lauyan Ba'amurke take da amfani, Gaylord Nelson, wanda ya yi shekara goma a majalisar jihar Wisconsin kafin ya zama gwamnanta a 1959. Ya sa harajin senti ɗaya a kan kowane kwalin taba sigari, aka keɓe kuɗin don sayen dazuzzuka da filaye a ajiye wa jama'a. Shi ne daga baya, yana Majalisar Dattawa, ya assasa ranar tunawa da muhallin duniya ta 22 ga Afrilu, wadda aka fara a 1970. Harajin tabar nan kuɗi kaɗan ne, amma hanyarsa ɗaya ce. Ku yi mana irin wannan: kowace motar gawayi da za ta bar jihar nan ta biya wani abu, kuɗin ya shiga asusun da doka ta hana a karkatar, a riƙa biyan ma'aikatan gandun daji, a raya wuraren renon itatuwa, a taimaki ƙauyuka su shuka gandun itace mai saurin girma wanda za su sara da izini, a sauƙaƙa wa mata murhu mai tsimin gawayi. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya a ambace su da suna a dokar. Kuma rahoton da za a riƙa kawo muku duk shekara ya ƙirga itatuwan da suka kai shekara uku a raye. Na kai ɗalibaina bikin dashen itace ya fi sau goma, muna rera waƙa ana ɗaukar hoto. Wurare da dama da na koma bayan shekara, sai ramuka na tarar, awaki sun gama da dashen tun kafin kaka, saboda babu wanda aka ɗora wa ban ruwa da shinge.

Akwai kuma haɗarin da ke ƙofar gidanmu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana niƙawa a inda yara ke rarrafe. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Rafi maƙwabciyar Birnin Gwari ce, kuma kowa ya san ana haƙar zinariya a Birnin Gwari. Gemun ɗan'uwanmu ya kama wuta har sau biyu. Gaskiya ne lasisin ma'adinai na tarayya ne, amma lafiyar yaro da tsabtar rijiya naku ne, kuma dokar ma'adinai ta 2007 da kanta ta tanadi kwamitin kula da muhalli a kowace jiha. Ku kira shi ya zo ya faɗa muku abin da ya gani. Ku haramta niƙa da wanke dutse a cikin gidaje, ku sa kuɗin gwajin jinin yara a kasafin asibitocin yankin.

Leda kuwa, Ruwanda ta hana ta tun 2008, Legas ta hana farar robar zuba abinci a 2024. Ko ba ku kai can ba, ku fara da yaran bola jari, waɗanda su ne suke yi mana rabin aikin ba da albashi ba. A yi musu rajista, a ba su safar hannu da wurin tara kaya, a sa masu sarrafa ruwan leda su riƙa sayen ledarsu da aka tsinto. Garin da yake da Panteka ba za a koya masa mayar da tsohon abu sabo ba. Mu jama'a ma da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Hadari na haɗuwa za ka ga an fito da kwandunan shara ana juyewa a kwata don ruwa ya tafi da ita, ita ce kuma take toshe kwalbatin da ke dawo mana da ruwan cikin ɗaki. Amma a yawancin layukan babu inda za a kai ta. A samar da wurin, sannan a ci tarar wanda ya ƙi.

Na san halin da kuke ciki. Kafin ku karya kumallo ƙofar gidanku ta cika, wannan kuɗin asibiti, wannan kuɗin makaranta, wancan neman aiki, ga matsalar tsaro da ta hana wasu mazaɓun noma. Wani zai ce wanda bai ci ba ina ruwansa da itace. To amma ku dubi abin da kuke kashewa a kan rijiyar burtsatse, alhali masai na tsiyaya a gefenta. Ku dubi rikicin manomi da makiyayi, nawa ne daga ciki ya taso daga burtalin da aka nome da mashayar da ta ƙafe? Tun 1965 gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, Ladduga a Kachia na cikin irin wuraren da aka keɓe, domin sun hango ranar da ƙasa za ta yi wa mutane da dabbobi kaɗan. Dajin da ma'aikacin gandu ya daina shiga, wani ne yake shiga ya zauna. Malamanmu suna karanta mana aya ta 41 a Suratur Rum, cewa ɓarna ta bayyana a tudu da ruwa saboda abin da hannayen mutane suka aikata. 'Yan'uwanmu Kirista suna karantawa a Littafin Farawa cewa an sa mutum a gonar Adnin don ya nome ta ya kuma kiyaye ta. A jihar da abubuwa da yawa suke raba mu, ga maganar da mutumin Kawo da na Sabon Tasha za su zauna a benci ɗaya a kanta, domin ruwan ba ya tambayar sunan mai gida kafin ya shiga.

Ba zan yi wa wanda ya ɗauki wannan aiki alkawarin zai yi daɗi ba. Zai ɓata da dillalan filaye, zai ɓata da masu motocin gawayi, wataƙila har da wasu manyan jam'iyyarsa. Aiki ne na karatu da haƙuri, na zama da injiniya a fahimci taswira, na bin sashe ɗaya na ƙuduri har sai an toshe kafar da za a zille ta cikinta. Shi ya sa na ce lauya, ko da yake duk wanda Allah ya ba zuciyar, mun karɓe shi.

Kafin kasafin kuɗi na gaba ya iso gabanku, ina roƙon kwamitinku na muhalli ya fito daga zaure ya yi zaman jin ra'ayin jama'a a unguwannin bakin kogi, da Hausa, a filin makarantar firamare inda mata da masu lambu da masunta za su iya zuwa da ƙafa. Idan kun zo ɓangarenmu zan kai ku zauren gidana. Layin da ruwan 2003 ya bari yana nan a jikin bango, daidai ƙirjina, na hana a shafe shi da fenti. Ku taho da mai safiyo ya fara awo daga nan.

Allah ya yi muku jagora, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Naku,
Tsohon malamin makaranta,
daga bakin kogi, Kaduna.